Lokacin da garkuwar jiki ta farfaɗo da fushi

Mai ɗauke da cutar HIV ya fara shan magani, an ga alamun sauƙi, sai bayan mako biyu ko uku zazzaɓi ya dawo, kaluluwa ta fito a wuya, tarin da ya lafa ya tashi. 'Yan uwa sukan ce maganin ne bai karɓe shi ba. Sau da yawa ma, aikin da maganin ke yi ne ya jawo hakan. Garkuwar jikin da ta daɗe a kwance ta miƙe, ta tarar da ƙwayoyin tarin fuka ko wata cuta da suka yi kaka-gida, ta afka musu da ƙarfin da ya wuce kima, har kumburin ya koma cutar da mai jikin. Likitoci na kiran wannan yanayi IRIS. Wani likita a Ostareliya, Martyn French, yana cikin waɗanda suka fara bayyana shi a 1992.

Abin da ke ci wa likitoci tuwo a ƙwarya shi ne rashin gwajin da zai ce tabbas wannan IRIS ne. Ƙa'idojin da masana suka fitar a 2008 sun dogara ne kan tarihin ciwon da kuma kawar da sauran zato: ko majinyacin ya daina shan magani, ko wata sabuwar cuta ce ta shiga, ko illar magani ce, ko tarin ne ba ya jin magani. Wannan na ƙarshe ya fi ban tsoro. A wani bincike a Cape Town, kusan ɗaya cikin goma na waɗanda aka zaci IRIS ne ke damun su, ashe tarin fuka ne mai bijire wa maganin rifamfisin. In aka ba irin wannan mutum maganin danne kumburi kawai, an ƙara wa wuta fetur.

Shi ya sa ake ta farautar alamomi a cikin jini. An auna CRP, sinadarin da hanta ke fitarwa idan jiki ya kumbura. An auna IL-6 da IL-18 da D-dimer. Dukansu sukan hau sama a jinin masu IRIS, amma kuma suna hawa a kusan kowace cuta mai zafi. Suna nuna akwai kumburi, ba sa faɗin dalilinsa.

Inda alamomin suka fi amfani shi ne hasashe tun kafin a fara magani. Wanda ƙwayoyin garkuwarsa na CD4 suka yi ƙasa da 50, kuma cutar ta yi yawa a jininsa, ya fi shiga haɗari. Wani bincike da aka yi a Amurka da Kenya da Tailan ya nuna ƙarancin jini ma alama ce, gwajin da kusan kowane asibitin gari zai iya yi. A sanƙarau na kiriptokokas kuwa, wanda ruwan ƙashin bayansa ba shi da fararen ƙwayoyin jini sosai tun farko, shi ne ya fi fuskantar IRIS daga baya.

Sanin haɗarin ya riga ya sauya aikin asibiti. Binciken COAT a Yuganda da Afirka ta Kudu, wanda aka wallafa a 2014, ya gano cewa kashi 45 cikin ɗari na masu wannan sanƙarau da aka gaggauta ba su maganin HIV sun rasu, yayin da kashi 30 suka rasu cikin waɗanda aka jinkirta wa. Yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a jira mako huɗu zuwa shida kafin a fara ba masu wannan sanƙarau maganin HIV. A 2018 kuma binciken PredART a Khayelitsha da ke Cape Town ya nuna cewa shan firedinison, maganin danne kumburi, na mako huɗu ya rage IRIS na tarin fuka daga kashi 46.7 zuwa 32.5.

A Najeriya, inda tarin fuka ya yi yawa kuma mutane da dama ba sa zuwa gwaji sai ciwo ya ci jiki, a ganina jiran wani gwaji mai tsada ɓata lokaci ne. A tabbatar ana auna CD4, da gwajin kiriptokokas a jini, da na LAM a fitsari don gano tarin fuka, kafin a miƙa wa majinyaci kwalbar farko. A kuma gaya masa tun ranar cewa jiki na iya rikicewa a makonnin farko, kuma in hakan ta faru ya dawo asibiti da maganinsa a hannu, kada ya ajiye shi.