Shirin Musamman: Me Ke Kayar da Ƙananan Jiragen Ƙasa a Mararrabar Dogo?

Yau za mu leƙa duniyar ƙananan jiragen ƙasa, irin waɗanda ake shimfiɗa wa dogo a kan tebur, su yi ta gudu da lantarki. A Turai da Amurka, dattawa da matasa da yawa sun ɗauki wannan abu da muhimmanci, suna kashe masa kuɗi da lokaci.

A birnin Hambog na Jamus akwai gidan kallo mai suna Miniatur Wunderland, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001. Dogon da ke ciki ya haura kilomita 16, jiragen sun fi 1,000, mararrabar da ake karkatar da jirgi daga layi zuwa layi kuwa ta haura 3,000. Daga wannan katafaren gida har zuwa mai ɗan tebur a ɗakinsa, inda tarago ya fi gocewa guda ne: mararraba.

Yawancin masu wannan sha'awa suna amfani da ma'aunin HO, inda ake rage komai sau 87. Faɗin layin Abuja zuwa Kaduna milimita 1,435 ne. A ma'aunin HO, wannan faɗi ya koma milimita 16.5 kacal. A irin wannan ƙanƙanta, kuskuren rabin milimita ya isa ya jefar da tarago.

To, ta ina ake fara bincike? Ƙwararru sukan fara da tambaya ɗaya: wane tarago ne ke faɗuwa, kuma a ina? Idan tarago ɗaya ne ke gocewa a kowace mararraba, laifin taragon ne. Idan kuwa taragu daban-daban ne ke gocewa a wuri ɗaya, laifin mararrabar ne. Daga nan sai mutum ya sunkuya har idonsa ya yi daidai da dogo, ya tura taragon da yatsa a hankali, ya ga daidai inda ƙafar ta fara hawa ƙarfe.

Mu fara da tarago. Kowace ƙafa tana da leɓe ta ciki wanda ke riƙe ta a kan dogo. Tazarar da ke tsakanin bayan ƙafar dama da ta hagu ya kamata ta kasance wajen milimita 14.5. In ta gaza, ƙafafun za su maƙale a ƙarfen kariyar da ke cikin mararraba, su ɗaga. In ta zarce, leɓen zai daki tsinin da layuka biyu suke haɗuwa, ya bi hanyar da ba tasa ba. Ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa ta NMRA, wadda aka kafa a Milwaukee ta Amurka a 1935, tana da ɗan farantin awo na ƙarfe da ake ɗorawa a kan ƙafafun, nan take a gane gaskiya. Sau da yawa murza ƙafar kaɗan a kan sandarta shi ne dukan gyaran.

Sai nauyi. Tarago marar nauyi a tsakiyar dogon jirgi yakan tashi sama idan aka ja shi a kwana. Shawarar NMRA ita ce a fara da kimanin giram 28, a ƙara giram 14 a kan kowane santimita 2.5 na tsawon taragon. Tarago mai santimita 15 ke nan zai kai wajen giram 112, kuma a ƙasa ake manna ƙarin nauyin.

Akwai kuma ƙugiyar da ke haɗa taragu. Irin ta kamfanin Kadee tana da ɗan lanƙwasasshen ƙarfe a ƙarƙashinta. Idan ya sauko ƙasa da kima, sai ya sarƙe da ƙarfen mararraba. Filaya ce maganinsa: a ɗan lanƙwasa shi sama.

Yanzu mu koma kan mararrabar kanta. Tana da siraran harsuna biyu masu motsi, kuma dole wanda aka rufe ya manne da babban dogo sosai. Ƙwayar tsakuwa ɗaya, ko busasshen gam, ta isa ta bar ɗan gibi, leɓen ƙafa ya kutsa ciki, gaban tarago ya bi dama, bayansa ya bi hagu. Ana share wurin da ɗan buroshi, in bakin harshen ya yi kauri a goge shi kaɗan da ƙaramin magagari. A duba kuma ko ƙusa ta danne mararrabar har ta karkace.

Wani lokacin tsarin ne da kansa. Mararraba mai lamba 4 tana karkata da sauri, dogayen taragun fasinja sun fi son mai lamba 6. Haka nan idan kwanar dama ta bi ta hagu kai tsaye, ana bukatar miƙaƙƙen layi tsakaninsu, aƙalla tsawon tarago mafi tsayi.

Wannan rauni yana nan a manyan jirage ma. Ranar 10 ga Mayun 2002, a Potters Bar da ke arewacin Landan, jirgin fasinja ya goce a mararraba saboda notocin sandunan da ke riƙe harsunan sun kwance, mutum 7 suka rasu.

Don haka mai ƙaramin jirgi, kada ka yi saurin tumɓuke mararraba. Auna ƙafafu, auna nauyi, duba ƙugiya, sannan ka taɓa dogo, kuma ka gyara abu ɗaya ka gwada kafin ka wuce zuwa na gaba.