ME YA SA KARATU KE GUDU IN GABA YA FAƊI?

 Maganarmu ta yau ta shafi kowa, amma ta fi shafarku ku manoma maza da mata na gundumomin Gidan Rumji da Agye da Gazawa, ku da kuka ajiye girma kuka zauna bisa tabarma don koyon baƙi.

Ga wani abu da ake gani a kusan kowace cibiya. Mutum ne mai awon hatsi a kasuwar Tibiri ko ta Cadawa. Ka ce masa tiya 7 a dala 80, kafin ka rufe baki ya ce maka jika 2 da dala 160, ba alƙalami ba takarda. To, wannan mutum ɗin, malam ya miƙa masa alli ya ce ya zo gaban allo ya yi 7 sau 400, ga jama'a sun zuba masa ido. Lissafin ɗaya ne, sai dai an rubuta shi da sefa. Amma sai ka ga hannu na rawa, zufa na keto masa, abin da yake yi kullum ya ɓace masa sarai. Gobe ba ya zuwa, jibi ba ya zuwa. In ka bi shi gida sai ya ce: "Malam, na tsufa, kaina ya bushe." Kansa kuwa lafiya lau yake. Gabansa ne ya faɗi.

Ku lura da yadda Bahaushe ke magana. In mutum ya ji tsoro ko ya shiga damuwa, mukan ce hankalinsa ya tashi. In ya samu natsuwa, mu ce hankalinsa ya kwanta. Watau tun kaka da kakanni mun san abin da ya taɓa zuciya ya taɓa hankali. Masu ilimin halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bin wannan magana da gwaje-gwaje, bari in faɗa muku kaɗan daga abin da suka gano.

Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƴan ƙulli biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowane bai wuce girman gujiya ba. Ana kiransu amigdala. Aikinsu kamar na mai gadi ne. Wani masani a Amurka, Joseph LeDoux, ya yi shekaru yana gwaji da ɓeraye, ya nuna labarin haɗari yana iya isa wurin mai gadin nan ta gajeriyar hanya, tun kafin sashen tunani ya gama duba abin. Kun san karin maganar nan, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Kana tafiya gona da almuru, ka ga wani abu baƙi kwance a hanya, ƙafarka ta riga ta yi tsalle sannan ka gane igiya ce. A wannan ɗan lokaci jiki ya zuba wani sinadari mai suna adirenalin cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, baki ya bushe. Wannan shiri yana ceton rai a daji. Matsalar ita ce mai gadin nan yakan buga ƙararrawa don dariyar mutane kamar yadda yake bugawa don kububuwa.

To, yaya tsoro ke cinye lissafi? Ku ɗauka hankalin da muke aiki da shi nan take kamar faifai ne. Rumbu yana ɗaukar dami da yawa, shi ne abin da ka sani tun da daɗewa. Amma faifai ɗan ƙarami ne. A shekarar 1956 George Miller ya ce abin da mutum ke iya riƙewa a lokaci guda wajen guda 7 ne. Masanan baya, irin su Nelson Cowan a 2001, sun ce bai fi wajen 4 ba. Sabon mai koyo da ke gaban allo yana riƙe da siffar lamba, yana riƙe da abin da ya ajiye a ka, yana juya sefa zuwa dala. Faifai ya riga ya cika. Sai ga tunanin "surukina yana kallona", sai ga "in na ɓata za a kai labari bakin rijiya". Ina za su zauna? Dole wani abu ya zube, abin da ke zubewa kuwa shi ne lissafin.

Na san wasu za su ce, ai mu da bulala aka koya mana, ga shi mun iya. Wannan gardama tsohuwa ce. Tun 1908 wasu Amurkawa biyu, Yerkes da Dodson, suka koya wa ɓeraye bambanta ƙofa fara da baƙa, wanda ya yi kuskure lantarki ya ja shi. In aikin mai sauƙi ne, ƙarin horo na sa su koya da sauri. In aikin mai wuya ne, horo mai tsanani sai ya ɓata koyon. Mutum ba ɓera ba ne, amma abin ya yi daidai da abin da malamai ke gani. Tsoro yana iya sa yaro ya maimaita abin da aka biya masa. Haɗa baƙi da wasali su zama kalma, ko gane dalilin da ya sa ake ajiye ɗaya a ka, wannan aiki ne na mai kwanciyar hankali. Ku tambayi waɗanda aka yi wa dukan nan: da yawa sun fi tuna ranar da bulalar da darasin.

Kada kuwa wani ya fahimci cewa hankali ya fi kyau in ba ruwansa da zuciya. A shekarar 1848, a jihar Vermont ta Amurka, wani shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa mai suna Phineas Gage yana dannan albarushi cikin dutse, sai abin ya fashe, sandan ƙarfe mai tsawon fiye da mita guda ya shiga ta ƙarƙashin kumatunsa na hagu ya fita ta tsakar ka. Bai mutu ba, ya rayu har 1860. Yana magana, yana gane mutane, amma likitansa ya rubuta cewa halinsa ya sauya, ya zama mai shirya abu ya watsar. Daga baya ya ɗan farfaɗo har ya yi aikin tuƙa keken dawaki a ƙasar Chile. Shekaru da yawa bayan haka likita Antonio Damasio ya duba marasa lafiya masu rauni a wannan sashe na goshi, ya rubuta littafi a kansu a 1994. In an yi musu gwajin basira sukan ci. Amma abubuwa sun daina taɓa ransu, yanke shawara kuma ta gagare su. Ɗaya daga cikinsu, an ce ya zaɓi ɗaya cikin ranaku biyu da zai komo asibiti, ya yi kusan rabin awa yana lissafa amfani da aibun kowace rana bai zaɓa ba. Kun ga ke nan, in zuciya ba ta ce "wannan ya dame ni" ba, hankali ba ya sanin inda zai tsaya.

Shi ya sa abin da mutum ke so ya fi zama a kansa. An gwada wannan a ƙasarmu, a jihohin Doso da Damagaram, cikin 2009 da 2010. A wasu cibiyoyi aka haɗa darasi da koyon aiki da wayar salula, a wasu aka bar darasi yadda yake. Waɗanda suka yi da waya sun fi cin jarrabawar rubutu da lissafi. Ba mamaki. Matar da ke son rubuta wa ɗanta da ke ci-rani a Kano ko Legas, ita da kanta, ba tare da wani ya ji sirrinta ba, ba sai an roƙe ta ta yi bita ba.

Akwai kuma damuwar da ba a aji aka same ta ba, daga gida aka taho da ita. A ƙasar Indiya, jihar Tamil Nadu, wasu masana sun gwada manoman rake 464 sau biyu: kafin girbi lokacin da bashi ya yi musu yawa, da bayan girbi lokacin da kuɗi ya shigo. Mutanen ɗaya ne, amma sun fi yin ƙoƙari a gwajin bayan girbi. An buga sakamakon a 2013. Wasu masana sun yi gardama a kan girman bambancin, gardamar ma ba ta ƙare ba. Ni dai a ganina manomin ƙasar Maraɗi ba sai an kai shi Indiya ba. Wanda ya ga 1984 ko 2005 ya san yadda tunanin rumbu ke hana barci. Cibiyoyinmu da rani suke aiki. In an yi jinkirin buɗewa, darasi mai wuya sai ya faɗo a watan Afrilu da Mayu, ga zafi, ga hatsi ya ja baya, ga neman iri. Gara a buɗe da wuri bayan kaka, a ci ƙarfin aikin tun hankali na kwance.

Ku kuma malamai, kunya tarbiyya ce, ba za mu ce a zubar da ita ba. Amma ku san wa ke jin nauyin wa a ajinku. Kada ku tsayar da dattijo gaban allo surukinsa na zaune, ko amarya gaban uwar mijinta. A bar mutane su yi aiki biyu-biyu da sa'o'insu, malam ya zagaya ya duba a hankali. Wanda ya ɓata, a fara da abin da ya yi daidai. A tambaye shi da baki, da dala, sannan a ce to rubuta abin da ka faɗa. A Chicago a 2011, Ramirez da Beilock sun sa ɗalibai su yi minti 10 suna rubuta abin da ke ba su tsoro kafin jarrabawa, masu yawan fargaba makinsu ya ƙaru. Mu namu ba su kai ga rubuta haka ba tukuna, amma bakinsu na nan. Kafin gwaji malam ya ce, wa gabansa ke faɗuwa? A ɗaga hannu, a yi dariya tare, sannan a raba takardu.

Ga tambaya biyu da nake so kwamitin kowace cibiya ya zauna a kansu a makon nan. Wace rana ce ta fi dacewa a buɗe aji a garinku? Cikin waɗanda suka daina zuwa, mutum nawa ne suka daina bayan an fito da su gaban allo? Ku rubuto mana amsa, ko layi biyu ne, da hannun ɗaya daga cikin ɗalibai.