Wane salon faɗa ne zai fitar da kai daga lungu?

A zangon karatun da ya gabata wani ɗalibina ɗan aji uku ya shigo ofishina da hannun dama a naɗe da bandeji, yana roƙon in ɗaga masa ranar gwaji domin ba ya iya riƙe biro. Da na tambayi dalili, sai ya ce matasa biyu ne suka tare shi a wani lungu bayan magariba suka nemi wayarsa. Shekara shida ya yi yana koyon takwando, saboda haka bai yi wata-wata ba ya ɗaga ƙafa ya shauɗa wa na gabansa a ƙirji, ya kuwa faɗi. Kafin ya sauke ƙafar, na biyun ya kawo masa sara da wuƙa, ya tare da tafin hannu. Aka yi masa ɗinki, likita ya ce da wuya yatsu biyu su koma lanƙwasuwa kamar da. Wayar ma ta tafi. Da yake ya san ni ma na taɓa harkar, sai ya ce, "Malam, ashe duk abin da na koya aikin banza ne?"

Ranar ban ba shi amsar da ta gamsar da ni ba. Wannan rubutu ƙoƙari ne na biyan bashin, domin na san akwai matasa da yawa, maza da mata, da ƙwacen waya da ta'asar 'yan daba suka tura neman inda za su koyi kāre kai, kuma tambayarsu ta farko ita ce wane salo ne ya fi.

Ni ma na taɓa yin wannan tambaya. Mu da muka tashi lokacin da finafinan Sin suka cika gidajen kallo, babu yaron da bai taɓa ihu irin na Bruce Lee yana dukan iska ba. Ina sakandare na shiga ajin kareti, na yi shekara uku ina ganin babu mai taɓa ni. Wani hutu bayan girbi na je ƙauyenmu, ɗan baffana wanda bai san komai ba sai noma da kokawar dandali ya ce mu gwada. Sau uku yana nannaɗe ni yana dasawa a yashi, ban samu sararin kai naushi ko ɗaya ba. Tun daga ranar na fara fahimtar cewa kowane salo yana da tazarar da yake aiki a cikinta, in aka fitar da shi daga nan sai ya zama baƙo.

Tazarar nan huɗu ce. Akwai ta ƙafa, inda shuri kawai ke isa. Akwai ta hannu, inda ake musayar naushi. Akwai ta ƙirji da ƙirji, inda ake riƙo da hankaɗa da kayarwa. Sannan akwai ƙasa, bayan an faɗi. Faɗan gaskiya yakan ratsa biyu ko uku daga cikinsu a 'yan daƙiƙu, kuma ba ya neman izinin kowa kafin ya sauya. Da wannan ma'auni za mu duba salon da aka fi sani.

Kareti daga tsibirin Okinawa ya fito, kuma Gichin Funakoshi ne ya gabatar da shi a Tokiyo a 1922. Yana koyar da tsayuwa, da miƙaƙƙen naushi, da shiga da fita cikin sauri, da ladabi. Rauninsa shi ne makarantu da yawa sun fi ba da ƙarfi ga jerin motsin da ɗalibi ke haddacewa yana yi shi kaɗai, kuma a wasu gasanninsa ana tsayar da naushi kafin ya sauka da ƙarfi. Mutumin da bai taɓa shan naushi a fuska ba, ranar da ya fara sha yakan manta karatunsa.

Takwando na Koriya ne, an raɗa masa wannan suna a 1955, ya kuma zama cikakken wasan Olamfik a gasar Sidni ta 2000. Yankinmu ya yi abin a-zo-a-gani a cikinsa: Chika Chukwumerije ya ciyo wa Nijeriya lambar tagulla a Beijin a 2008, Abdoulrazak Issoufou Alfaga kuma ya ciyo wa Nijar azurfa a Riyo a 2016. Babu salon da ya fi shi sarrafa ƙafa. To amma dokar gasarsa ta Olamfik ta hana naushi a fuska, tana kuma ba da maki mai yawa ga shurin kai, don haka 'yan wasa sukan saba da sakin hannuwa ƙasa. Wanda ya ɗaga ƙafa sama kuwa, ƙafa ɗaya ce ke riƙe da shi a wannan lokacin, kuma a irin wannan lokacin ne aka sari ɗalibina.

Damben Turawa, wanda Issaka Daboré ya samo wa Nijar lambarta ta farko ta Olamfik da shi a Munik a 1972, shi ne gwanin tazarar hannu. Cikin 'yan watanni yakan koya wa mutum kāre haɓa, da kauce wa naushi, da taku. Sai dai da safar hannu mai kauri ake yin sa. Hannu tsirara in ya daki ƙoƙon kai, ƙananan ƙasusuwan bayan hannu sukan karye. Ba ya kuma da amsa ga wanda ya rungumo ƙafafunka. Damben Tailan ya fi shi faɗi, domin ya haɗa da gwiwar hannu, da gwiwar ƙafa, da ƙwauri, da riƙon wuya a tsaye, amma shi ma da an kai ƙasa iliminsa ya ƙare.

Judo yana da darasin da ya shafi dukkan wannan magana. Jigoro Kano, wanda sunansa ba shi da dangantaka da Kanon Dabo, ya kafa makarantarsa ta Kodokan a Tokiyo a 1882. Ya ɗauki tsohon salon jujitsu ya ware dabarun da suka fi haɗari daga atisayen yau da kullum, domin ɗalibai su iya gwabzawa da dukkan ƙarfinsu ba tare da sun nakasa juna ba. A ido kamar ya rage wa salon kaifi, amma abin da ya samu ya fi abin da ya bari, domin dabara goma da ka gwada sau dubu a kan mai turjiya ta fi dabara ɗari da ba ka taɓa gwadawa ba sai a kan abokin da ya miƙa maka wuya. Judo yana kuma koyar da yadda ake faɗuwa ba tare da kai ya bugi ƙasa ba, ilimin da ko daga babur ka faɗo zai amfane ka.

Daga judo ne jujitsun Burazil ya tsiro, bayan da Mitsuyo Maeda ya isa ƙasar a 1914 ya koyar da shi, iyalan Gracie suka ɗauka suka mayar da hankali ga faɗan ƙasa. A watan Nuwamban 1993, a birnin Denba na Amurka, aka shirya gasar UFC ta farko domin a haɗa salo daban-daban a ga wanda zai tsaya. Royce Gracie, siririn mutum in aka kwatanta da abokan karawarsa, ya ci wasa uku a dare ɗaya ta hanyar kai su ƙasa har su miƙa wuya. Duniya ta koyi cewa wanda bai san ƙasa ba yana da babban giɓi. Duk da haka, a can mutum ɗaya ake fuskanta, a kan shimfiɗa, da alƙali a tsaye. A kan kwalta, ga abokin ɓarawo yana jira da takalmi ko gora, kwanciya ƙasa da gangan kasada ce. Amfanin wannan ilimi a titi shi ne ka san yadda za ka zame daga ƙarƙashin wanda ya danne ka, ka miƙe.

Namu na gida fa? Ɗan dambe yakan naɗe hannu ɗaya da kara, ya miƙa ɗayan a buɗe ya zama garkuwa, a yi turmi uku, wanda ya kai ƙasa an kashe shi. Dambe yana gina abin da makarantun zamani da yawa suka kasa ginawa, wato zuciyar tsayawa gaban mutumin da ya zo da niyyar buge ka da gaske, da sanin tazara. Amma hannu ɗaya ne babban makaminsa, kuma yawan shan bugu a ka ba tare da kariya ba yana da illa ga ƙwaƙwalwa wadda ba ta bayyana sai an manyanta. Kokawa kuwa, wadda Nijar ta mayar da ita gasar ƙasa ta neman takobi tun 1975 a Tahoua, tana ba da ƙarfin riƙo, da ƙugu, da daidaiton tsayuwa. Wanda ya iya ta da wuya a kayar da shi, kuma shi ke zaɓar ko a tsaya ko a faɗi. Giɓinta shi ne ba ta san naushi ba, kuma da an taɓa ƙasa wasa ya ƙare.

Idan aka jera su haka, mai karatu zai ga cewa yadda ake atisaye ya fi sunan salo muhimmanci. Tambayar da ya kamata ka yi kafin ka biya kuɗin rajista ita ce: a wannan wuri, ana gwada abin da aka koya a kan mutumin da yake ƙoƙarin hana ka, da kayan kariya, a kai a kai? Idan amsar e ce, ko kareti ne ko kokawar dandali za ka ƙaru. Idan a'a ce, motsa jiki kake yi, wanda yake da kyau ga lafiya, amma kada ka dogara da shi a lungu.

Daga nan ne maganar haɗa salo ta taso. Shi kansa Bruce Lee da muke kwaikwayo, a ƙarshen shekarun 1960 ya bar ɗaure kansa da salo ɗaya, ya ɗebo daga damben Turawa da wasan takobi da sauransu. 'Yan Nijeriya biyu da suka riƙe kambun UFC a 2019 misali ne mai kyau. Kamaru Usman daga kokawar jami'a a Amurka ya fito, sai ya koyi naushi. Israel Adesanya daga damben hannu da ƙafa ya fito, sai ya koyi yadda zai hana a kayar da shi. Kowannensu yana da tushe ɗaya mai zurfi, sannan ya toshe giɓinsa da na wani.

Shawarata ga ɗalibi ko ma'aikacin da ba shi da lokaci mai yawa ita ce ya bi wannan tsari. Ya zaɓi salo ɗaya da ke kusa da shi, mai malami nagari, ya riƙe shi kwana biyu ko uku a mako har shekara guda, domin taura biyu ba ta taunuwa ga mai koyon fari. Bayan nan ya ƙara da kishiyarsa: mai naushi ya nemi riƙo, mai riƙo ya nemi naushi. Ya koyi faɗuwa da tashi. Ya kuma riƙa gudu, gajere mai sauri da dogo, domin yawancin mutane numfashinsu kan ƙare kafin minti ɗaya na faɗa. Ga 'yan'uwa mata, abin da ya fi dacewa a fara da shi shi ne ƙwace hannu daga riƙo, da ture mai rungumowa, da ɗaga murya, da tserewa zuwa inda jama'a suke. A guji malamin da ke alƙawarin baƙar ɗamara cikin wata shida, ko mai cewa dabarunsa sun yi haɗarin da ba za a gwada su ba, ko wanda ke barin manyan ɗalibai su huce a kan sababbi.

Akwai kuma iyakar da babu salon da ya tsallake ta. Wuƙa ba ta bukatar ƙarfi ko gwaninta, yaro ɗan shekara goma sha biyar zai iya yanke jijiyar zakaran duniya. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma masu ƙwace su ke zaɓar wuri da lokaci, ba kai ba. Masu dogara da maganin ƙarfe su ma su yi wa kansu faɗa. Idan abin da ake nema waya ce ko kuɗi, miƙa, ka lura da kamanninsu, ka kai rahoto. Ana sayen wata wayar, ba a sayen yatsu. Faɗa na lokacin da babu mafita ne, kamar a ce za a tafi da kai ko za a keta mutuncinka, kuma ko a nan manufarsa ita ce ka samu ƙofar gudu. Doka ma haka ta tsara: sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya amince da amfani da ƙarfi domin kāre kai, amma gwargwadon bukata. Wanda ya bi ɓarawon da ya riga ya juya baya ya illata shi, zai iya tsintar kansa gaban alƙali.

Saboda haka kāre kai yana farawa tun kafin a taɓa ka: kada ka riƙa latsa waya a bakin titi da dare, ka san lungunan da ba su da fitila, ka yi tafiya da abokai, ka kuma iya haɗiye baƙar magana. Ina kira ga sassan wasanni na jami'o'inmu da kwalejoji su buɗe azuzuwan da za su haɗa masu koyar da judo da damben Turawa da gwanayen kokawarmu a rufi ɗaya, da mata masu horar da mata, a kuma sa wannan darasi na lura da kauce wa fitina a farkon manhaja.

Ɗalibina ya dawo makon jiya, hannun ya warke, ko da yake ƙaramin yatsan bai miƙe sosai ba. Na ce masa shekarunsa shida ba su tafi a banza ba, domin shurinsa ya yi aikin da aka koya masa. Abin da ba a koya masa ba shi ne ya ƙirga mutanen da ke gabansa, ya dubi hannuwansu, ya kuma auna wayar da ransa. Ya ce ya fara zuwa ajin judo ranar Asabar, kuma yanzu ta babban titi yake komawa gida, ko da ya fi nisa.