Daga Liyari zuwa Dala: Asalin Lissafin Kuɗi a Damagaram

A kasuwannin Damagaram ba a cika faɗin farashi da sefa ba. Idan mai sayar da gero ya ce dala ɗari, to sefa 500 yake nufi, domin dala ɗaya daidai take da sefa 5. Wannan lissafi ya samo asali ne tun zamanin da darajar kuɗi take cikin nauyin azurfarsa.

A ƙarni na 19, musamman a zamanin Sarki Tanimun wanda ya rasu a 1884, Damagaram ta kasance babban zango a kan hanyar fatake daga Kano zuwa Agadas, Gat da Turabulus. Da wuri ake cinikin yau da kullum, amma wuri kaya ne mai nauyi, ga cin lokaci wajen ƙirga: keso ɗaya kaɗai wuri 20,000 ne. Shi ya sa manyan fatake suka fi son liyari, kuɗin azurfa na ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tereza. A 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya tarar ana canza guda ɗaya wuri 2,500 a Kano.

Abin da ya sa aka amince da liyari shi ne nauyinsa ba ya canzawa: gram 28, kuma fiye da gram 23 a ciki azurfa ce tsantsa. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga shi da wannan shekara a jikinsa, saboda shi 'yan kasuwa suka sani. Ke nan bafatake ba ya bukatar sikeli, ƙirgawa kawai zai yi.

A ƙasar Sin ba haka abin yake ba. Can ma'aunin nauyi ne, mai suna liyang, kimanin gram 37, ya zama ma'aunin kuɗi. Dunƙulen azurfa ake ɗorawa a sikeli, a duba ingancinsa, kuma awon wani gari yakan saɓa wa na wani. Sai a 1933 gwamnati ta soke wannan tsari.

Bayan Faransawa sun ci Damagaram a 1899, sun shigo da nasu kuɗin azurfa na faran 5, mai nauyin gram 25. Shi ya gaji sunan dala, kalmar da asalinta ɗaya da "tala", sunan liyari a Jamusanci. An ƙirƙiro sefa a 1945, azurfar ta ɓace daga kuɗin, liyari da yawa kuma suka ƙare a hannun maƙeran fari aka mai da su zobba da awarwaro, amma sunan ya zauna.

Wannan ya shafi ma'aikatan raya karkara kai tsaye, musamman masu kula da asusun mata da bashin noma. Matar da ta ce ta zuba ɗari biyu, jika guda ta zuba, wato sefa 1,000. Idan magatakarda ya rubuta 200 a littafi, ya tauye mata 800. Ya kamata a riƙa rubuta kowane zubi da sefa, sannan a karanta shi da dala a gaban 'yan ƙungiya kafin a rufe akwati.