Zaman Kai da Haɗuwar Haƙora

Maganarmu ta yau a kan haƙoran da suka zaizaye ce, da yadda zaman mutum ke sāke haɗuwarsu.

Baligi yana da haƙora 32. Turamen da ke can ciki suna da tudu da kwari, watau in an rufe baki na sama su shige cikin na ƙasa daram. Amma a ƙasarmu ta Gobir, daga Burkusuma har Sabon Birni da Isa, dattawa da yawa turamensu sun zama sumul. Abin da ke kawo haka shi ne tsakuwar da ke cikin garin gero, da tauna ƙashi, da cizon haƙora cikin barci. Ɓawon haƙori kuwa in ya tafi ba ya komowa.

To, ku gwada wannan yanzu. Ku ɗaga kai sama, ku rufe baki sannu a hankali. Za ku ji turame ne suka fara haɗuwa, domin muƙamuƙi ya ja baya. Sa'an nan ku sunkuyar da kai, ku sāke rufewa. Haɗuwar ta matso gaba. Motsin kaɗan ne ƙwarai, amma ga wanda haƙoransa suka zaizaye babu tudun da zai tare muƙamuƙi. Haƙorin da ya zaizaye yana iya tsagewa.

Saboda haka in za ku ci abinci ku zauna sosai, kai a miƙe, kada ku ci a kishingiɗe. Mai ɗauke da tulu ko itace kada ta datse haƙora. Maɗinki da baduku su riƙa ɗaga kai suna hutawa. A rairaye hatsi da kyau kafin a niƙa.

Wanda za a yi wa ciko ko haƙorin roba, a asibitin koyarwa na Sakkwato ko wani wuri, ya tuna a kwance ake aikin, a zaune ake cin tuwo. Ya roƙi likita a gwada cizonsa bayan ya tashi zaune.

Gyaran zama ba ya mayar da abin da ya zaizaye. In haƙori yana zogi da ruwan sanyi, a zo asibiti tun da wuri. Allah ya ba mu lafiya, amin.