Mene ne zaren da ake ci, mai kulle mai a cikinsa?

A labaran kimiyyar abinci ana yawan ambaton wani zare da ake iya ci. Ba na auduga ba ne. Daga furotin ake yin sa, kamar na masara da ake kira zein, kuma ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba.

Ana narkar da furotin ɗin a ruwa mai etanol, a zuba mai, a kaɗa har ya farfashe ƙananan ɗigo. Sai a tura haɗin ta bakin allura, a jona masa lantarki mai ƙarfin dubban bolt. Lantarkin ke jan ruwan ya miƙe, ya bushe a iska, ya sauka kan faranti kamar saƙar gizo-gizo, man na kulle a ciki. Dabarar tsohuwa ce: tun 1934 Anton Formhals ya yi mata rajista, amma don zaren saƙa.

Ga amfanin kulle man: man kifi mai omega-3, alal misali, ba ya jure iska da zafi, nan da nan ya lalace, ƙarninsa ya tsananta. Zaren na kare shi, kuma ba a ɗora shi a wuta wajen haɗawa. Masu sarrafa abinci da magunguna ne suka fi zuba ido. Sai dai allura ɗaya kaɗan take fitarwa, shi ya sa yawancin aikin yana ɗakunan gwaji har yanzu.