Abin da ya kamata ku sani game da lambobin ba-zata da ke tsare wayarku

Duk wayar Android da ke hannunku a kan Linux take tafiya, wato ginshiƙin manhajar da ke shiga tsakanin na'ura da sauran manhajoji, wanda masana ke kira kanel. Linus Torvalds ne ya fara rubuta shi a 1991. A cikinsa akwai wani ɗan sashe da ba a cika maganarsa ba, alhali kuwa sirrin saƙonninku da kuɗinku na banki ya dogara a kansa. Aikinsa shi ne fitar da lambobin da babu mai iya hasashensu.

Kwamfuta ba ta san ba-zata ba, abin da aka umarce ta kawai take yi. Shi ya sa tun 1994 Theodore Ts'o ya tsara yadda Linux zai riƙa tattara ƙananan bambance-bambancen lokaci, kamar tazarar da ke tsakanin danna maɓalli da wani, ya cakuɗa su. Daga nan ake ƙera makullan sirri, da lambobin da na'urori ke jera saƙonni da su a intanet. Idan ɓarawo ya iya cankar lambar gaba, to ya shiga gida. A Disambar 1994 an kutsa kwamfutocin wani mai suna Tsutomu Shimomura a Amurka ta wannan hanya.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne sa'ilin kunna na'ura. A 2012 masu bincike a jami'o'in Amurka suka gano cewa dubban na'urorin intanet, har da rautoci, suna ƙera makullansu tun ba su tara isasshen abin cakuɗawa ba, har wasu suka fito da makulli iri ɗaya. Kamar a sayar wa unguwa guda kwado mai mabuɗi ɗaya ne. A 2014 aka ƙara wa Linux tsarin getrandom, wanda ke jira sai an tara isasshen abin cakuɗawa kafin ya ba da lamba. A 2022 kuma Jason Donenfeld ya yi wa sashen garambawul, ya cire tsohon lissafin SHA-1 ya sa BLAKE2s.

Abin da ke damuna shi ne irin wannan gyara ba ya isa ga na'urar da aka daina sabuntawa, kuma tsofaffin wayoyi da rautoci sun cika gidajenmu da shagunanmu. Idan wayarku ta nemi sabuntawar tsaro, ku daure ku ba ta data.